ZAUREN 'YAN MATA: Ranar Da Keken Tsaye Ya Kayar Da Ni A Gaban Baƙi

 

Kafin na ce komai bari na fara ba ku haƙuri a kan rashin jina da kuka yi har fitowa uku a jere. Na ga wasiƙunku da saƙonninku, wasu na tambayar ko lafiya, wasu kuma, musamman ƙannena 'yan makaranta na Kabo da Getso, har sun yanke hukunci wai aure na yi a ɓoye ban gayyace su ba. To ku kwantar da hankalinku, babu mai cin shinkafar bikina ba ku ci ba. Abin da ya ɓoye ni ba lalle ba ne, siminti ne. Mako shida cur hannuna na dama yana naɗe cikin simintin asibiti tun daga tafi har kusa da gwiwar hannu, ko biro ba na iya riƙewa, kuma ba kowa ya ja min ba illa son burgewa. Na so na rufa wa kaina asiri, amma na ga idan na yi shiru wata ma za ta faɗa ramin da na faɗa, shi ya sa yau zan fayyace muku komai, ku yi dariyarku ku more, amma don Allah ku ɗauki darasi.

Washegarin Sallar azumi ne babban Yayanmu, wanda ke harkar wayoyi a Kano yana kuma leƙa Dubai, ya iso mana Gwarzo da iyalinsa. Ana sauke kaya sai ga wani abu an fito da shi daga bayan mota, kamar an sami gajeriyar taɓarya an maƙala mata taya a kowane kai, a tsakiya ga wurin ɗora ƙafa biyu, ga wasu 'yan fitilu suna ta walƙiya. Ba shi da kan tuƙi, ba shi da sirdi, ba shi da birki. Turawa na ce masa hobabod, yaran gidanmu suka raɗa masa keken tsaye, Iya kakarmu kuwa da ta leƙo ta gani sai ta ja da baya tana salati ta ce, "Wannan ai takalmin aljanu ne, ku fitar min da shi daga gida."

Ɗan Yayan nawa, yaro ɗan shekara tara, ya taka abin nan ya shiga zagaya tsakar gida kamar ruwa na tafiya da shi, ya yi gaba, ya yi baya, ya juya a wuri guda, hannuwansa a aljihu. Kafin ka ce kwabo gida ya cika da yaran unguwa.

Ana cikin haka sai aka yi sallama. Malam ne, wato wanda ake maganarmu da shi, ya zo gaisuwar Sallah daga Kabo tare da ƙannensa mata guda biyu. Ya shiga ya gaida Inna da Iya, ya fito zai koma zaure, sai ƙaramar ƙanwar tasa ta dube ni tana dariya ta ce, "Anti, ke da kike rubuta 'yan mata masu tuƙa marsandi a littafi, ai wannan ɗan abin ba zai gagare ki ba."

Wallahi 'yan uwa maganar nan ita ta kai ni ta baro. Ina sanye da leshina na Sallah, zani ɗaure har ƙasa, ga mayafi yana jan ƙasa, ga takalmi mai tsini. Yaron nan ya ce, "Gwaggo, ki cire takalmin tukuna, ki riƙe kafaɗata." Na harare shi na ce, "Kauce ka ba ni wuri, yaushe aka haife ka?" Na ɗora ƙafar dama, abin ya zabura gaba, na yi sauri na ɗora ta hagu, sai na ji ƙasa na rawa a ƙarƙashina. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata, gwiwoyina suka ɗauki kyarma, gefen mayafina ya shige taya, na yi baya don na ƙwace shi, ai kuwa abin ya sulale ya bar ni a iska. Na kai hannun dama don na tare ƙasa, sai na ji ƙas!

Dariya ta ɓarke, sannan aka yi tsit. Na miƙe zumbur ina kaɗe zani ina cewa, "Ba komai, ba komai," alhali wani azababben zafi na ratsa ni har ƙwaƙwalwa. Har murmushi na yi na raka baƙi bakin zaure. Kun ji wauta ta farko.

Wauta ta biyu ta fi ta farko muni. Kwana biyu ina ɓoye hannun nan cikin hijabi saboda kunya, da dare na gasa shi da ruwan zafi na murza da man zafi ina hawaye, shi kuwa sai ƙara hawa yake yi kamar an sa masa yis. A rana ta uku muna cin tuwo Inna ta zuba min ido ta ce, "Ke, yaushe kika zama bahaguwa?" Ta janye hijabin, da ta ga hannun sai ta saki salati. Iya ta ce a kira mai ɗori, Yaya ya ce a'a, a fara ɗaukar hoton ƙashi a ga abin da ke ciki tukuna. Haka muka kama hanyar Kano, tafiyar kimanin kilomita 70, ta Rimin Gado da Janguza muka ɓulla Kabuga, har asibitin ƙashi na Dala, kowane rami mota ta faɗa sai na ji kamar raina zai fita. Hoto ya nuna ƙashin da ke dab da wuyan hannu ya tsage. Likita ya tambaye ni yaushe abin ya faru, da na gaya masa sai ya girgiza kai ya ce murzar da na dinga yi tana iya gusar da ƙashin daga mazauninsa, na gode wa Allah da bai kai ga a yi min aiki ba.

Ku duba fa, hannun da nake ci da shi ke nan, hannun da nake rubutu da shi. Littafina na uku saura babi huɗu, masu karatu sun dame ni da tambaya, ga ni zaune hannu a rataye a wuya. Sai Autarmu ce take zama ina faɗa tana rubutawa, ita da ya kamata a ce tana bitar karatunta don jarrabawar fita sakandare ta ƙarato. Baba kuwa ransa ya ɓaci, ya ƙwace keken ya jefa shi sito a kan buhunan masara ya ce kada ya ƙara ganin wani a kansa.

Da a nan maganar ta tsaya da ban dame ku da ita ba. To wani dare na fito zan zagaya, sai na ji ƙus-ƙus a bayan madafa. Ina leƙawa sai ga Auta da ƙawayenta biyu sun saci keken suna koyo a cikin duhu, babu fitila, ga turmi a gefe, ga bakin kwata, saura mako uku ta fara jarrabawa. Gabana ya yanke ya faɗi. Na ce yanzu da a ce yarinyar nan ce ta karye a hannun dama, shekara shida na wahalar sakandare fa? A daren nan na gane ɓoye abu a sito ba ya hana yaro hawansa, sai dai ya sa ya hau shi a inda babu mai tare shi. Da safe na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, don Allah a yi min izini na nemi sanin abin nan sosai, in ya so duk mai son koya ta koya da rana a gaban manya." Ya yi shiru can ya ce, "To, amma ita waccan kada ta kusance shi sai ta ajiye biron takardarta ta ƙarshe."

Tunda ba ni da aikin yi sai na duƙufa bincike da hannun hagu a waya, kuma abin da na gano ya rage min jin kunya ƙwarai, don ashe ba ni kaɗai ba ce. Asalin abin wani Ba'amurke ne mai ƙirƙire-ƙirƙire, Dean Kamen, ya fito da shi a watan Disamba na 2001 da sunan Segway. Nasa babba ne, yana da doguwar sanda da ake riƙewa, yana gudun kilomita 20 a awa, kuɗinsa a lokacin wajen dala 5,000. A 2003 shugaban Amurka na wancan lokaci, George Bush, ya taka shi ya hantsila a gaban masu ɗaukar hoto. A 2015 a birnin Beijing na ƙasar Sin, Usain Bolt, wanda duk duniya babu mai gudunsa, ya gama cinye tseren mita 200 yana zagaya fili yana murna, sai wani mai ɗaukar hoto a kan Segway ya kwashe masa ƙafafu ta baya, su biyun suka zube. Wanda ya fi ban tausayi shi ne Jimi Heselden, attajirin Ingila da ya sayi kamfanin ɗungurungum. A watan Satumba na 2010 yana kan nasa a wata siririyar hanya a bakin gaɓa, ya ja da baya don ya ba wani mai tafe da kare hanya, sai ya rufta cikin kogin Wharfe, nan ya rasu. Mai kamfanin ke nan fa! A 2015 kamfanin Ninebot na ƙasar Sin ya saye Segway, a 2020 kuma aka daina ƙera wancan babban mai sanda.

Shi kuwa ƙaramin marar sanda irin wanda ya kayar da ni, wani Ba'amurke ɗan asalin Sin mai suna Shane Chen ne ya nemi rajistar fasaharsa a 2013, zuwa 2015 masana'antun Sin sun cika duniya da shi, daga nan ya biyo 'yan kasuwarmu har ya iso tsakar gidanmu a Gwarzo. Wani bincike da aka wallafa a mujallar likitocin yara ta Amurka a 2018 ya nuna cewa a 2015 da 2016 kaɗai yara kusan 27,000 aka kai asibiti a can saboda shi, mafi yawansu a cikin gida suka faɗi, kuma inda aka fi jin ciwo shi ne wuyan hannu da sangalin hannu, sai kai. Da na karanta haka sai na dubi simintina na ce ashe ma layi na bi.

To wai yaya abu mai taya biyu yake tsayawa da mutum bai faɗi ba? Babu aljani ko ɗaya a ciki, duk da har yau Iya ba ta yarda ba. Kun tuna wasan da muke yi muna yara, a tsayar da karan dawa a tafin hannu? Idan karan ya karkata gaba sai ki yi maza ki kai hannunki gaba, idan ya yi baya ki bi shi baya, muddin hannunki na ƙarƙashinsa ba zai faɗi ba. To a kan keken tsaye ke ce karan, shi ne tafin hannun. A cikinsa akwai wasu 'yan na'urori masu jin karkata, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda suna auna inda kika rinjaya, su gaya wa wata 'yar kwamfuta, ita kuma ta umarci injin da ke cikin kowace taya ya garzaya can ya tare ki. Kin danna yatsun ƙafa ya yi gaba, kin danna dunduniya ya yi baya, kin tsaya daidai ya tsaya.

A nan sirrin yake 'yan uwa, kuma a nan haɗarin yake. Shi bai san niyyarki ba, karkatarki kawai ya sani. Idan tsoro ya sa kika sunkuya, shi a wurinsa cewa kika yi a tafi. Idan kika firgita kika yi baya, shi a wurinsa cewa kika yi a koma da gudu. Rawar da gwiwoyina suka yi ranar nan, umarni ne nake ta ba shi ban sani ba, shi kuwa bawan Allah yana ta yi min biyayya har ya kai ni ƙasa.

Bayan an cire min siminti, likita ya ce hannu ya yi ƙwari, Auta kuma ta gama jarrabawarta lafiya, sai muka shirya muka tafi Kabo gidan Gwaggonmu, don tana da doguwar baranda mai sumul, ba kamar tsakar gidanmu da ta gangara wajen kwata ba. Malamin namu kuwa ba kowa ba ne illa yaron nan da na ce wa yaushe aka haife shi. Ya harɗe hannu ya ce, "Gwaggo, yau za ki ji magana?" Na ce, "Zan ji, ranka ya daɗe." Ga abin da na koya, na haɗa da abin da na karanta, ku riƙe shi da kyau.

Na farko, sutura. Wannan namu ne mu mata, takardar da ke cikin kwalin ba za ta gaya muku ba don ba da mu aka yi tunaninta ba. Duk abin da ke jan ƙasa, zani ne, doguwar riga ce, hijabi ne har ƙasa ko jelar mayafi, abincin taya ne. Ki sa wando a ciki da riga wadda ta tsaya sama da idon sawu, da ƙaramin hijabi da bai wuce ƙugu ba, tunda a cikin gida ne tsakanin mata. Takalmi ya zama shafaffe mai kama ƙafa irin kambas ɗin makaranta, ban da mai tsini, ban da silifa. Ki sa hular kwano ko da ta masu keke ce, idan da hali a sayo har da abin kare wuyan hannu da gwiwa. Na san za ku ce za a yi muku dariya. Ni da na ƙi a yi min dariyar minti ɗaya, ta wata biyu aka yi min.

Na biyu, wuri. Daɓen siminti mai faɗi, busasshe, wanda bai gangara ba. A kawar da turmi, da murhu, da bokiti, da tabarma, a kore kaji, a riƙe ƙananan yara. Yashi, tsakuwa, ruwan wanke-wanke da bakin dakali duk abokan gabarsa ne, don tayoyinsa ƙanana ne, ɗan dutse kaɗan sai ya tsayar da taya ɗaya ke kuma ki wuce. Titi kuwa kada ma ki soma. A Ingila, inda titunansu suke sumul, doka ta hana hawansa a kan titi da gefen titi, balle hanyar Kano zuwa Gwarzo da manyan motoci da 'yan acaɓa ke tsere a kai. Ba abin zuwa aike ba ne, ba na zuwa makaranta ba ne.

Na uku, hawa. A ajiye shi a daidai, a kunna shi tukuna, a tabbata da caji. Ki sami babbar mace mai ƙarfi ta tsaya a gabanki ki riƙe hannuwanta biyu, ko ki dafa bango. Ki ɗora ƙafar da kika fi amincewa da ita a shimfiɗe, kada ki danna gaba ko baya, sannan ki ɗauko ɗayar ki ɗora kamar mai hawa matakala, ba tare da tsalle ko dogon tunani ba. Ki buɗa ƙafafun su matsa kusa da tayoyi, ki ɗan saki gwiwa, ki miƙe bayanki. Sai babbar magana: kada ki kalli ƙasa. Ki zaɓi wani abu a gabanki, taga ko ƙofa, ki kafa masa ido. Gwaggo da ke zaune tana kallonmu ta ce, "Yo ai wannan ɗaukar tulu ne. Wace ce ta taɓa ɗauko ruwa daga rijiya tana kallon ƙafarta?" Wallahi maganar nan ita ta buɗe min kai. Ranar farko ban je ko'ina ba, tsayuwa kawai na koya, na hau na sauka ya fi sau ashirin.

Na huɗu, tafiya da juyawa. Ba da ƙugu ko kafaɗa ake tuƙa shi ba, da idon sawu ne, kuma kaɗan-kaɗan, kamar mai taka ƙwai ba ta so ya fashe. Idan za ki juya hagu ki ɗan danna yatsun ƙafar dama, idan dama za ki yi ki danna na hagu. Idan za ki tsaya ki dawo da ƙafafunki daidai a hankali, shi ne birkinsa. Irin waɗannan ƙananan gudunsu bai cika wuce kilomita 10 zuwa 12 a awa ba, kina jin lissafin kamar ba komai, amma ya ninka saurin mai tafiya a ƙasa, kuma siminti ba ya tausayi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, sauka, kuma a nan mutane da yawa ke faɗuwa bayan sun ɗauka sun iya. Kullum ta baya ake sauka. Ki tsaya cak, ki mayar da ƙafa ɗaya baya ki dire ta a ƙasa, sannan ki ɗauke ɗayar. Idan kika sauka ta gaba, ƙafar da ta rage za ta danna shi ya biyo ki ya doke miki agara. Kada kuma ki yi tsalle ki dira.

Na shida, mutum ɗaya ake hawa. Ban da goyo, ban da ɗaukar ƙani a kafaɗa, ban da riƙe waya ana ɗaukar hoton kai. Yawancinsu ba a yi su don yaron da bai kai kilo 20 ba, shi ya sa idan ƙaramin yaro ya hau sai ku ga abin yana karkarwa. A kuma hana masu rarrafe kai yatsa wajen taya. Idan ya fara ƙara ko jar fitila ta kama, caji ne ya yi ƙasa, ki sauka nan take, don idan batir ya mutu babu sauran mai tare ki. Ko Segway ɗin ma a 2003 sai da kamfanin ya janye wajen guda 6,000 don a gyara, saboda mutane na faɗuwa idan caji ya yi rauni.

Na bakwai shi ne wanda ya fi tayar min da hankali, don wannan ba hannu yake karyawa ba, gida yake ƙonawa. Batirin da ke cikinsa irin na waya ne amma ya ninka shi sau da yawa, idan marar kyau ne ko ya bugu ko ya yi zafi, yana iya kamawa da wuta. A ƙarshen 2015 manyan kamfanonin jiragen sama suka hana shiga jirgi da shi, a watan Yuli na 2016 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sa aka janye fiye da guda 500,000 daga hannun jama'a. A watan Maris na 2017 a garin Harrisburg na Amurka, wani da aka bari a caji ya tayar da gobara a gida, yara mata biyu suka rasu. To ku dubi halinmu a nan: da an kawo wuta ƙarfe biyun dare sai kowa ya tashi ya cusa duk abin da ya mallaka a soket ɗaya ya koma barci. Don girman Allah kada a yi haka da wannan. A yi cajinsa da rana, ido na kansa, a kan siminti, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur, ba a ɗakin da ake kwana ba, ba kuma a bakin ƙofar da za a bi a fita ba. A yi amfani da cajarsa ta asali, ya cika a cire, awa biyu zuwa uku ya ishi yawancinsu. An ɗauke wuta a zare shi, don wani lokaci takan dawo da ƙarfi. Kada a bar shi a rana, musamman a zafin Maris da Afrilu, kada kuma a sa shi caji yana da zafi daga gama hawa. Idan ya kumbura ko yana warin ƙauri, a fitar da shi fili a nisance shi. Mai saye kuma ya duba alamar UL 2272 a jikinsa, wato shaidar gwajin lafiyar batir da wayoyinsa da aka fito da ita a 2016, ya kuma saya a hannun wanda ya sani, don alama ma ana buga ta jabu. Araha ba ta ado.

Na ƙarshe, idan tsautsayi ya gitta kin faɗi, ki faɗa. Hannu ya kumbura ko ba ya juyuwa, kada a murza, kada a ja, a tallafe shi a tafi a ɗauki hoto. Idan kai ne ya bugu, aka ga amai, ko jiri, ko yawan barci, ko mutum na magana ba kan gado, asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Faɗan Inna na minti biyar ne, hannun da ya ɗore a karkace kuwa har abada ne.

Yau da nake muku wannan rubutu da hannuna na dama, ina iya zagaya barandar Gwaggo sau goma ban dafa kowa ba, Auta kuwa har ta fi ni. Amma duk sanda gari ya yi sanyi sai wuyan hannun nan ya riƙa yi min tsami yana tuna min. Malam kuwa da ya zo duba ni ina cikin siminti, na kasa haɗa ido da shi don kunya, sai ya yi murmushi ya ce, "Ni fa faɗuwar ba ta dame ni ba, kowa na faɗuwa. Abin da ya dame ni shi ne kina jin ciwo kika ce mana ba komai. Don Allah kada ki saba min da wannan." Na daɗe ina juya maganar nan a raina, na ga ta fi ƙarfin keken tsaye. Mu 'yan mata sau nawa muke hawa abin da ba mu iya ba don kada a ce ba mu waye ba, sau nawa kuma muke cewa ba komai alhali da komai? Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Ban ce kada ku koya ba, ku koya, zamani ne, kuma akwai daɗi. Amma da izinin iyaye, da rana, da hannun da za ku riƙe. 'Yan ajin ƙarshe kuwa ku haƙura sai kun ajiye biro.

 Littafi na uku ya kammala, babi huɗun ƙarshe da rubutun Auta ne, idan kun ga ya fi daɗi kada ku gaya mata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan mai kowa mai komai ya kai mu.

Taku har kullum,
Mai Zauren 'Yan Mata, daga Gwarzo.